Yadda za ka kai waƙarka ko labarinka ƙaramar mujalla har a zo maganar kyauta

Da yawa daga cikin manyan kyaututtukan gajeren labari da waƙa ba marubuci ne ke cike fom ya shiga da kansa ba, edita ne yake kai sunansa. Wannan shi ne abin da masu tasowa ba su cika sani ba, sai ka ga mutum yana ta neman inda zai danna ya shiga gasar Caine ko Pushcart alhali babu wata ƙofa da aka tanadar masa, ƙofar tana hannun wanda ya buga aikin. Pushcart a Amurka tun 1976 take fitar da kundinta duk shekara, kuma ƙa'idarta ita ce editocin ƙananan mujallu da ƙananan maɗaba'u su ne suke aika abin da suka zaɓa, kowanne bai wuce guda 6 ba cikin abin da ya buga a shekarar. Caine kuwa wadda aka fara bayarwa a 2000 ga marubutan Afirka, fam dubu 10 ce, ita ma mai bugawa ne yake tura labarin, ba ka da ikon tura naka da ka buga da kanka. To ka ga ashe hanyar ta ƙaramar mujalla ta bi, shi ya sa duk abin da zan faɗa a nan a kan yadda za ka isa hannun edita ne. Ina cewa ka ka, amma ke ma 'yar'uwa da ke nake.

Kar ƙanƙantar mujalla ta sa ka raina ta. Mujallar Poetry da Harriet Monroe ta kafa a Chicago a 1912 ba wata babbar harka ba ce lokacin da ta buga waƙar T.S. Eliot a 1915 yana saurayin da ba a sani ba. Black Orpheus da aka kafa a Ibadan a 1957 da Transition da Rajat Neogy ya kafa a Kampala a 1961, a cikinsu ne da yawa daga cikin marubutan Afirka da ake karantawa a jami'o'i yau suka fara fitowa. Wanda ma ya fi burge ni shi ne na Kenya, Binyavanga Wainaina ya ci Caine a 2002, aka kafa mujallar Kwani? da shi a gaba, sai ga labarin Yvonne Adhiambo Owuor da mujallar ta buga ya ci Caine ɗin a 2003, shekara ɗaya tak tsakani. Haka Elnathan John, labarinsa da ya kai zagayen ƙarshe na Caine a 2013 a wata mujallar intanet ce mai suna Per Contra ya fito, daga baya labarin ya girma ya zama littafi.

To daga ina za ka fara, ka fara da karatu. Na san wannan shawarar kowa ya gaji da jin ta amma wallahi ita ce rabin aikin. Ka zaɓi mujallu kamar biyar ko shida ka karanta fitowarsu ta baya-bayan nan tun daga farko har ƙarshe, ba wai ka leƙa shafin tura aiki ka fita ba. Kana karantawa kana tambayar kanka, waƙoƙin da suke so gajeru ne ko dogaye, suna son mai amsa-amo da ma'auni ko sakakkiya, labaransu masu tafiya ne a miƙe ko masu wasa da zubi da tsari, sun taɓa buga wanda bai taɓa fitowa ko'ina ba ko kullum manyan sunaye ne. Duba ɗan bayanin da ake sa wa a ƙasan kowane aiki zai gaya maka wannan na ƙarshen. Idan labarinka na aljanu ne ko na duniyar gobe da mutum-mutumi, Omenana da aka fara a 2014 don irin wannan aka yi ta, kai shi can ya fi ka kai shi inda ba su taɓa buga irinsa ba. Cikin mujallun adabin Afirka akwai Lolwe, akwai Isele, akwai Agbowó, akwai Doek daga Namibiya, ga Brittle Paper da ke yawan sanar da inda aka buɗe karɓar aiki. Don neman na sauran duniya kuma akwai shafukan intanet da suke jera mujallu, Chill Subs da Submission Grinder kyauta ne, Duotrope ne ake biya. Wata dabara mai sauƙi da na fi yarda da ita, ka ɗauki jerin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a kyautar da kake mafarki na shekaru uku ko huɗu, ka duba a ina aka fara buga kowane labari, sunayen da suke maimaita kansu su ne mujallun da editocinsu ba sa barci wajen tura aikin marubutansu.

Yanzu ga wurin da mutanenmu suka fi faɗawa rami. Yawancin mujallu ba sa karɓar abin da aka taɓa bugawa, kuma a wurinsu bugawa ba sai a takarda ba, sa waƙa a Facebook bugawa ce, Instagram bugawa ce, Wattpad bugawa ce, duk inda jama'a za su iya gani ba tare da an tantance su ba. Mu kuwa mun saba da zarar baitin ƙarshe ya sauka, ko gyara ba a yi ba, an watsa shi ana jiran yabo da alamar zuciya. Ba laifi ba ne, akwai waɗanda da haka suka tara masu karatu dubbai kuma suna cin abinci da shi, amma ka sani waƙar da ka saki ta fita daga layin yawancin mujallu ke nan. Wasu sukan goge su tura wai ba a gani ba, ban ba ka shawarar haka ba, editoci suna bincikawa kuma ranar da aka kama ka sunanka ne ya ɓaci ba waƙar ba. Abin yi shi ne ka raba aikinka gida biyu, wanda za ka ba mabiyanka yau da wanda za ka ɓoye wa mujalla, kuma mafi kyawun shi ne na ɓoyewa. Turawa abokai uku ko huɗu a keɓe su duba maka wannan ba matsala. Akwai kuma mujallu ƙalilan da suke rubutawa ƙarara cewa ba su damu da abin da ka sa a shafinka ba, sai dai sai ka gani a rubuce kafin ka ɗauka haka ne.

Sai gyara. Ka gama rubutu ka ajiye shi kwanaki ka dawo masa da sabon ido, ka karanta da ƙarfi kunnenka ya ji, musamman waƙa, inda harshenka ya sarƙe nan ne ɗangon ya karye. A labari kuma shafin farko shi ne komai, domin mai tacewa yana da tarin aiki a gabansa kuma yawancinsu 'yan sa-kai ne da suke karantawa da dare bayan sun taso daga nasu aikin, idan ka ɓata sakin layi uku kana kwatanta fitowar rana da farkawar tauraruwar labarin daga barci da duba madubi, ya wuce na gaba. Sau da yawa labarin a shafi na biyu yake farawa, ka yanke na farkon ka gani ko an rasa wani abu. Haka ƙarshe, ba sai ka tsaya ka yi wa mai karatu wa'azin darasin da ke ciki ba, ya fahimta. Idan da Hausa kake rubutu to ƙa'idojin rubutu ba abin wasa ba ne, raba kalma da haɗe ta, da baƙaƙe masu ƙugiya, alƙalan gasa suna lura da su sosai kuma labari mai daɗi yana iya faɗuwa saboda an rubuta zanje da yace da dashi a haɗe tun daga sama har ƙasa.

Ƙa'idojin tura aiki kuwa ka bi su kamar yadda aka rubuta ko da kana ganin ba su da ma'ana. An ce kalmomi 3,000 kar ka tura 3,400 wai ai labarin ya yi daɗi ba za su lura ba, kwamfuta ce take ƙirgawa. An ce waƙoƙi uku zuwa biyar a fayil ɗaya, kar ka tura goma sha biyu kuma kar ka tura kowacce daban. An ce ka cire sunanka daga cikin fayil saboda suna karantawa ba tare da sanin mai shi ba, to ka cire shi har daga sunan fayil ɗin. Idan ba su faɗi tsari ba, abin da aka saba shi ne fayil na Word, Times New Roman lamba 12, a bar tazara biyu tsakanin layuka a labari, waƙa kuma tazara ɗaya kowacce ta fara a sabon shafi, ba ado ba launi ba hoton fure. Da yawa ta wani shafin tura aiki mai suna Submittable suke karɓa, buɗe asusu a can kyauta ne, wasu kuma ta imel. Kuma ba kullum ƙofa take buɗe ba, wasu wata ɗaya ko biyu kawai suke buɗewa a shekara wasu ma suna rufewa da zarar sun cika adadin da za su iya karantawa, don haka ba a fafe gora ranar tafiya, aikin ya kasance a shirye kafin ranar buɗewa.

Wasiƙar da ke rakiyar aikin gajeruwa ce, mutane ne suke mai da ita dogon tarihi. Gaisuwa ga edita, ga sunan labarin da yawan kalmominsa ko sunayen waƙoƙin, ba a taɓa buga su ba, na gode da karantawa. Sai ɗan bayani a kanka layi biyu ko uku a rubuta shi kamar wani ne yake ba da labarinka, wance marubuciya ce, aikinta ya fito a kaza da kaza. Idan ba ka taɓa fitowa ko'ina ba ka faɗa kawai, editoci da yawa suna alfahari da cewa su ne suka fara buga mutum. Kar ka yi bayanin ma'anar waƙar, kar ka ce tun kana firamare kake rubutu, kar ka roƙa don Allah a taimaka.

Akwai maganar tura aiki ɗaya wurare da yawa a lokaci guda. Yawancin mujallu yanzu sun yarda da haka saboda su ma sun san amsarsu tana ɗaukar wata uku, wata shida, wani lokaci fiye, ba adalci ba ne a ɗaure mutum shekara guda a kan labari ɗaya. Sharaɗin kawai shi ne da zarar wani ya karɓa, a ranar ka janye shi daga sauran, idan waƙa ɗaya ce cikin biyar aka ɗauka sai ka aika saƙo cewa wannan ɗin ta fita sauran huɗun suna nan. Amma ka yi hankali wajen jerawa, kar ka tura wa mujallar da kake mafarki da wadda ba ka damu da ita ba a rana ɗaya, domin ƙaramar ce za ta fara amsawa kuma da ka ce to ba kyau ka dawo ka ce ka fasa don babba ta kira. Ka fara da rukunin waɗanda duk wadda ta ɗauka za ka yi murna, in duk sun ƙi ka sauko rukuni na biyu. Ka riƙa rubutawa a wani wuri, ko a littafi ko a waya, me ka tura, ina, yaushe, me suka ce, in ba haka ba wata rana za ka sake tura wa edita labarin da ya riga ya ƙi.

Za a ƙi aikinka, sau da yawa ma, wannan ba addu'a ba ce lissafi ne, mujallar da ke da gurbin labari biyar a fitowa ɗaya kuma ɗaruruwa suka turo dole ta mayar da masu kyau da yawa. Abin da ya kamata ka koya shi ne karanta wasiƙar ƙin. Akwai ta kowa da kowa wadda ba ta ce komai ba, wannan ka share ka tura wani wuri a ranar. Akwai wadda ta ce wannan bai dace ba amma muna so mu ga wani aikinka, wannan ba ladabi kawai ba ne, ba kowa ake rubuta wa haka ba, ka sake tura musu a buɗewa ta gaba ka tuna musu sun ce ka dawo. Akwai kuma wadda edita ya zauna ya rubuta maka abin da ya gani a labarin da hannunsa, wannan kusa ka zo, ka yi godiya a layi ɗaya ka duba maganarsa da kyau. Abin da ba a yi shi ne mayar da martani cikin fushi ko zuwa shafinka ka yi habaici, duniyar editoci ƙarama ce suna magana da juna. Idan labari ya zaga wurare da yawa ba ko guda da ya ce uffan, a nan ne za ka buɗe shi ka sake dubawa, ba bayan ƙi ɗaya ba.

Maganar kuɗi. Wasu mujallu suna biya, wasu kwafi kawai suke bayarwa, wasu ko sisi. Wasu kuma musamman na Amurka suna karɓar ɗan kuɗin karatu wajen dala 3 kafin ka tura, ni ban cika son tsarin ba amma ba damfara ba ce, kuma da yawansu suna da ranakun kyauta ko suna yafe wa wanda ya ce ba shi da hali, tambaya ba ta da tsada. Damfarar ita ce wanda zai ce an zaɓi waƙarka cikin dubbai amma sai ka biya kafin a buga, ko dole ka sayi kwafi kaza na kundin, ko a aiko maka da takardar wai ka ci lambar yabo ta duniya a gasar da ba ka shiga ba sai ka turo kuɗin satifiket. Duk mujallar da take karɓar kowa ba ta tace komai, fitowa a cikinta kuma ba ta ƙara maka komai. In an karɓi aikinka ka karanta yarjejeniyar, abin da aka saba shi ne su ne za su fara bugawa, su ajiye shi a rumbunsu na intanet, sannan haƙƙin mallaka ya dawo hannunka ka sa shi a littafinka gobe tare da ambaton inda ya fara fitowa. Idan ka ga an rubuta ka sallama musu dukkan haƙƙi har abada, tsaya ka tambaya kafin ka sa hannu. Sannan ka kiyayi sa na'ura ta rubuta maka, mujallar Clarkesworld sai da ta rufe karɓar aiki na ɗan lokaci a Fabrairun 2023 saboda ambaliyar labaran da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, tun daga nan da yawa suka sa doka, wasu ma suna toshe mutum gaba ɗaya.

To mai rubutu da Hausa fa, ina zai kai. Gaskiya a nan gasa ta fi mujalla ƙarfi, Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 domin mata marubuta ta fito da sunaye da yawa, kuma ita kai tsaye ake shiga ba ta hannun edita ba. Amma akwai wata hanya da ba mu cika bi ba wato fassara. Asymptote da Words Without Borders da Modern Poetry in Translation, wadda tun 1965 take fitowa a Ingila, aikinsu ke nan buga abin da aka fassara daga wasu harsuna, Asymptote ma takan sa asalin rubutun a gefe mai karatu ya gani. Jalada a 2016 ta ɗauki labarin Ngũgĩ wa Thiong'o da ya rubuta da harshen Kikuyu aka fassara shi zuwa harsunan Afirka sama da 30 a fitowa ɗaya. Caine tana karɓar labarin da aka fassara zuwa Turanci in an buga shi, gasar gajeren labari ta Commonwealth ma tana karɓar fassara, kuma ita kai ne kake shiga da kanka, kyauta, da labarin da ba a taɓa bugawa ba mai kalmomi 2,000 zuwa 5,000, wanda ya ci na yanki fam 2,500 wanda ya ci gaba ɗaya fam 5,000. Ka nemi mafassarin da yake karanta adabi a harsunan biyu ba wanda ya iya Turanci kawai ba, ku zauna tare a kan karin magana da habaici da zambo saboda a nan fassara take mutuwa, ku yi magana tun farko a kan yadda za a raba kuɗi in ya zo, kuma sunansa ya fito tare da naka.

Bayan aiki ya fito kar ka ɓace. Ka yaɗa shi, ka yaɗa na sauran waɗanda kuka fito tare, ka karanta fitowar gaba ɗaya. Sannan ka duba kyaututtukan da aikin ya cancanta, idan labarinka ya kai tsawon da Caine take so wato kalmomi 3,000 zuwa 10,000 ba laifi ba ne ka aika wa edita saƙo cikin ladabi cewa ga lokacin turawa ya zo kuma labarin ya cika sharuɗɗa in suna da niyya, editan da ke wata ƙasa mai yiwuwa bai ma san da kyautar ba. Na Pushcart da Best of the Net kuwa, wadda ita ta abin da aka buga a intanet ce tun 2006, bari su zaɓa da kansu, gurbin kaɗan ne kuma roƙo a nan yana zubar da mutunci.

Idan kuma an tura sunanka, ka yi murna amma ka rubuta gaskiya. An gabatar da sunan mutum daban, ya kai zagayen ƙarshe daban, ya ci daban. Mujallu ɗaruruwa ne kowacce take tura nata shida zuwa Pushcart, don haka wanda ya rubuta a bayaninsa cewa ya lashe alhali tura sunansa kawai aka yi, editan da zai karanta wasiƙarsa ta gaba ya san bambancin. Ka rubuta mujallar kaza ta gabatar da waƙarsa don kyautar Pushcart a shekarar kaza, ka sa sunan mujallar da shekarar, in kuma jerin ya yi tsawo ka bar uku mafi ƙarfi ka goge sauran.